Kiret ɗin da Ya Tafi Vittin

Shekarun baya, lokacin da minaral na kwalba ne ke ƙawata biki a Tamale, kafin na roba da na gwangwani su cika gari, na tafka wata wauta wadda har yau in na tuna nakan yi dariya ni kaɗai a kan moto, wato babur ɗina.

Yaran yanzu ba lallai su san tsarin ba. In ka je difo, inda ake sarin minaral, ka ɗauki kiret, ruwan da ke ciki kawai ka saya. Kwalaben da kiret ɗin na kamfani ne. Ko dai ka zo da naka kwalaben da aka shanye, waɗanda ake kira emti, a yi musanya, ko ka ajiye kuɗi, ranar da ka dawo da kayan cif a mayar maka da abinka.

Allah ya ba mu haihuwar fari, mace. Muna zaune a gidanmu na gado a unguwar Gumbihini, ni da matata da mahaifiyata, ni kuma ina gyaran firji da fanka. Na sayi rago, na sayi goro da shinkafa, saura abin sha. Kiret biyar ya ishe mu har da ragi. Amma wani abokina ya kawo takwas a sunan ɗansa, ana ta zancen, sai na ce ni goma zan kawo. Ban da wani dalili da ya wuce wannan.

Ana gobe suna, ranar Juma'a, na je difon wata mata Dagomba a Kaladan. Na biya kuɗin ruwa, aljihuna ya ƙare ƙaf. Ta dube ni ta ce da irin Hausarta, "Masta, ina emti? Kai kawo emti ko kai ajiye kuɗi."

Na ce, "Hajiya, ai kin san ni. Ni na gyara miki wancan firjin."

Ta ce, "Ni ya san ka. Mota bai san ka ba. Laraba da safe mota ya zo. In emti bai cika ba, wajena za a cire."

Na ciro katin shaidata na miƙa mata. Ta ja durowa ta nuna mini katuna an ɗaure su da roba, sun yi tsayin bulo. Ta ce duk masu suna da masu aure ne, wasu yaran har sun fara tafiya. Na miƙa wayata, ta juya ta gaba da baya, ta yi dariya ta mayar mini.

A nan ne Shaiɗan ya tuna mini da keken ɗinkin matata. Tana jego, ba za ta taɓa shi ba sai ta yi arba'in. Yana ɗan ɗakin da ke bakin zaure, a lulluɓe da zani. Na koma gida lokacin da mata ke can baya suna gyaran kayan miya, na kwance kan keken, na ɗora wani katon na kwali a wurinsa, na mayar da zanin yadda yake. Har na ja baya na duba, na yaba wa kaina. Matar difo ta karɓa ba musu, ta ɗora shi can saman kanta.

Suna ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. An ci an sha, an yi ta cewa ba a taɓa ganin minaral haka a layinmu ba. Ni kuwa ina ta yawo cikin sabuwar riga kamar ni na gina kamfanin.

Lahadi da safe na fara tattara kwalabe, sai jikina ya yi sanyi. Kiret bakwai ne suka cika. Biyu suna nan amma kusan wayam, ɗaya kuma babu shi babu alamarsa. Ashe mata da yawa ba su sha nasu a wurin ba. Kowace ta sa a jaka ko ta naɗe a gefen mayafi ta tafi wa yara da shi.

Ina tsugune ina lissafin zuci sai na ji muryar surukata daga bakin zaure. Daga Kumasi ta zo zaman jego, kuma ita ce ta sayi keken nan da guminta ta sa wa 'yarta a kayan aure. Ta ga an kawo wa jaririya yadi da yawa, ta ce bari ta ɗan ɗinka mata riguna. Ta yaye zani ta ga katon.

"Baban yarinya, ina keke?"

Ban san lokacin da bakina ya ce, "Na kai a sa masa mai, Hajiya. Laraba zai dawo."

Ta ce, "Keken da bai yi shekara biyu ba? Kuma mai ɗin ba ga shi nan a kan taga ba?"

Na ce ai wannan wani irin mai ne na musamman. Matata tana zaune a ƙofar ɗaki tana shayar da yarinya. Ta ɗago ta dube ni sau ɗaya, ta mayar da kanta ƙasa. Wannan kallon ya fi tambayar surukata tsorata ni.

Litinin ban buɗe shago ba. Na ɗaure buhu a bayan moto na shiga gari, gida gida. Matsalar ita ce ba ka iya shiga gidan mutane ka ce kwalba ka zo karɓa. Sai na ce bangajiya na zo yi. A shimfiɗa mini tabarma, a kawo ruwa, a tambayi mai jego, a tambayi jaririya, a yi addu'a mai tsawo. Sai na miƙe zan tafi, har na sa takalmi, sannan in juyo kamar yanzu na tuna, in ce, "Af, ko akwai wata kwalba da ta biyo ku?"

Abin da na gani a kwana biyun nan ya ishe ni labari. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu har ta wanke guda huɗu ta ɗura soyayyar gyaɗa ta jera a tire. Ta ce in ina so sai dai in saya da gyaɗar, haka na saya. A wani gida man gyaɗa aka zuba, aka tsaya neman kwanon da za a juye. Guda biyu kuwa a gefen titi na same su, wajen wani mai sayar da fetur a kwalba, ƙanin matar abokina. Akwai inda aka yi mini dariya, akwai kuma wata gwaggon matata a Kaladan da ta ce, "Au, ashe kwalba ce ta kawo ka? Ni na ɗauka hankali ne." Ta ba ni ɗaya tana riƙe da wuyanta da yatsa biyu. Duk da haka labari ya bazu cewa ba a taɓa ganin uban jariri mai ladabi irina ba, wanda ya bi kowa har gida yana godiya. Har limamin masallacinmu ya yaba mini a gaban mutane, na sunkuyar da kai, aka ɗauka kunya ce.

Talata da azahar kiret biyun nan sun cika, da taimakon abokina da ya ƙara mini da nasa na gida. Saura wanda ya ɓace ɗungurungum. Na tambayi masu girki, na tambayi mai kanofi, kowa ya ce bai gani ba. Daga ƙarshe na je wajen mahaifiyata. Tana zaune a inuwar darbejiya tana tsintar wake.

"Mma, ko kin ga wani kiret ja?"

Ba ta ɗago ba ta ce, "Yana Vittin."

Na ji kamar an watsa mini ruwan firji. A unguwar Vittin yayana yake, malamin makaranta ne.

Mu biyu ne maza a wajen mahaifiyarmu, kuma a lokacin shekara uku ke nan ba ma magana. Sa'ad da mahaifinmu ya kwanta ciwo ina Kumasi ina koyon aiki. Duk lokacin da na kira, sai yayana ya ce da sauƙi, in zauna in gama. Rana ɗaya aka kira ni aka ce ya rasu. Kafin mota ta iso da ni an binne shi. A zaman makoki, a gaban dattawa, na ce wa yayana ya ɓoye mini ne da gangan don kada a ce ni ma ɗa ne. Na faɗi wasu maganganun da ba zan maimaita a nan ba. Bayan sadakar arba'in ya kwashe iyalinsa ya koma gidan da yake ginawa a Vittin, ko filasta ba a yi ba. Yakan zo gaida Mma, amma sai ya daidaici ina shago. Ni kuma da aka yi haihuwa ban aika masa ba.

Mma ta ce ita ta sa aka ɗora kiret ɗin a yalo-yalo, keken hayan nan mai ƙafa uku, ranar suna, tare da shinkafa da cinyar rago. Ta ce ba za a yi suna a gidan ubansa a ce bai ga komai ba.

Na ce, "To Mma, ki aika a karɓo mini."

Ta ce, "Ni ban da ɗan aike. Wanda ya jinginar da keken matarsa, shi zai je."

Na tsaya baki buɗe. Ta ce, "Rufe bakinka. Matar difon ta ɗora shi saman kanta, duk wanda ya shiga difon sai ya gani. Rabin matan Kaladan a kansa aka yi musu ɗinkin Sallah."

Na shiga shago na zauna na fi awa. Na yi tunanin rance, na ga duk wanda zan iya tambaya na riga na taɓa shi don rago. Na yi tunanin gaya wa surukata cewa mai gyara ya yi tafiya. Na tuna idon matata. Da aka yi la'asar na tada moto.

Ban taɓa zuwa gidan ba, wannan ma abin kunya ne. Vittin a lokacin sababbin gidaje ne birjik, duk kamarsu ɗaya, wasu an rufa wasu ba a rufa ba. Na yi ta zagaye sai da wata mai sayar da koko ta nuna mini gidan malamin makaranta mai shuɗiyar ƙofa.

Na same shi a tsakar gida yana ba wa wani ƙaramin mangwaro ruwa. Abin da na fara lura da shi furfura ce. Ban san ya yi furfura ba. Na yi sallama, ya amsa, ya ajiye bokiti. Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambayi Mma, ya tambayi mai jego, ya tambayi yarinya, duk yana kallon mangwaron. Matarsa ta leƙo ta gan ni, ta dafa ƙirji ta koma ciki da sauri.

Na ce, "Yaya, dama kiret ne... gobe mota za ta zo."

Ya ce, "Ga shi can."

Yana baranda, an rufa masa tsumma saboda rana. Na yaye, sai na ga kwalaben duk a cike. Ko ɗaya ba a buɗe ba.

Na ce, "Ba ku sha ba?"

Ya ce, "Abincin mun ci, don Mma ce ta dafa. Wannan kuwa kai ka saya. Ban sani ba ko da yardarka aka kawo."

Kwana uku kiret ɗin yana nan, a gidan da ke da yara huɗu, cikin zafin nan. Na san matar difo za ta karɓe shi a cike da murna, har ma ta mayar mini da wani abu. Na sa hannu zan ɗauka, sai hannun ya ƙi. Na zauna a bakin barandar, hawaye ya zo mini ban shirya ba.

Na ce, "Yaya, sunan 'yarka aka yi. Don Allah a buɗe. Kuma ka yafe mini abin da na faɗa."

Sai ya sunkuya ya zaro kwalba biyu, ya kafa bakin ɗaya a ƙarƙashin murfin ɗaya ya ɓalle, ya miƙo mini. Ya ce, "Sha. Ya yi zafi, amma sha."

Daga nan gida ya rikice. Matarsa ta fito tana kuka tana dariya, tana cewa in ga yadda na rame. Yara suka yi layi. Aka kira magina da ke aiki a gidan kusa, aka kira mai kokon da ta nuna mini hanya. Yayana ya tsaya a kan kowa kamar a aji, yana cewa a nan za a sha, ba mai fita da kwalba. Ban taɓa shan minaral mai zafi da ya yi mini daɗi haka ba.

Da na zo ɗaure kiret a bayan moto, robar da nake ɗauri da ita ta tsinke. Kwana biyu tana shan wahala. Aka nemi igiya a gidan aka rasa mai ƙwari. Yayana ya shiga ɗaki ya sako hula, ya ce, "Mu je, zan riƙe."

Haka muka kamo hanya, ni a gaba, shi a baya, kiret a cinyarsa yana dukan bayana, kwalabe suna ta ƙara. Sai da muka kusa shiga gari na ji ya matso da bakinsa kusa da kunnena saboda iska.

Ya ce, "Ni ma ban san Baba zai tafi ba. Ran nan da safe ya sha koko, har ya ce a kira masa wanzami. Da na sani, wallahi da ni zan zo in ɗauko ka."

Na dai rage gudu, don hanyar ta fara yi mini dishi-dishi.

Mun isa difo kafin magariba. Na riga na kai sauran tun da rana, wannan ne cikon na goma. Matar ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Ta ɗauko guda biyun nan na mai fetur, duk da na wanke su da omo sau uku, ta shinshina, ta harare ni. Sai ta ce, "Kamfani ya wanke," ta mayar da su. Ta taka kujera ta sauko da kan keken. Har ta goge masa ƙura.

Yayana ya dubi keken, ya dube ni. Ya ce, "Na wa ne?"

Na ce, "Na mai jego."

"Ta sani?"

Na sosa ƙeya. Ya girgiza kai, ya yi wata 'yar dariya da rabona da jin ta tun muna yara, ya ce, "Kai dai ba ka canja ba." Ya karɓa ya rungume a cinya, muka nufi Gumbihini.

Mma tana alwala muka shiga. Ta ga yayana a bayana ɗauke da keke, ta ci gaba da wanke ƙafarta kamar ba ta ga komai ba. Sai da ta gama ta ce, "Ku yi sauri, za a tada salla."

Bayan salla aka miƙa masa jaririya. Ya riƙe ta ya daɗe yana mata addu'a, ya ce goshin Baba ne da ita. Surukata kuwa ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba. Ta sa na ɗaura keken a gabanta, ta zauna ta taka shi a kan wani ƙyalle, ta kasa kunne. Ta ce, "Lallai man nan na musamman ne. Yadda na san shi haka yake." Ba ta ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Da yayana ya tafi na shiga wajen matata na gaya mata komai, tun daga kiret takwas na abokina. Ta bari na gama tsaf. Ta ce tun ranar Juma'ar ta sani, ta shiga ɗaukar almakashi ta ga zanin ya yi kusurwa huɗu. Ta ce, "Katon ɗin ma na fanka ne, har da hoton fanka a jiki."

Na fara dariya, sai na ga ita ba dariya take ba.

Ta ce, "Da ka tambaye ni, da na ba ka. Abin da ya dame ni ke nan. Kwana huɗu ina jira in ga ko za ka faɗa da bakinka."

Wannan maganar ta fi zama mini a rai fiye da duk wahalar da na sha a gari. Na ba ta haƙuri, ta haƙura, amma sai da ta yi sati tana kirana mai fanka.

Yarinyar nan yanzu tana sakandare. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar ko allurar matata ba tare da na tambaya ba, kuma sunan ƙannenta duka sobolo, wato zoɓo, muka yi a gida, kowa ya sha ya ƙoshi, ba wanda ya raina mu.

Abin da ke ba ni tsoro in na zauna ina tunani shi ne yadda abin ya tsaya a kan ƙiris. Da ina da kuɗin ajiya a aljihu ranar Juma'ar nan, da na bar wa matar difo kuɗin kiret ɗaya na yi zamana. Na san halina a lokacin, ba zan je ba. Da shekara uku ta zama biyar, ta zama goma, a kan tafiyar da ba ta kai rabin awa a moto ba. Mma ta yi shekara shida bayan nan kafin Allah ya karɓi abarsa, kuma a shekarun nan duk Juma'a in an sauko daga masallaci, ni da yayana a ɗakinta muke cin tuwo, kwano ɗaya, tana zaune tana yi mana faɗa a kan wanda ya fi cin nama. In na tuna saura kaɗan in hana ta wannan, sai in sauke ajiyar zuciya in ce alhamdu lillahi.